Tabon Da Ba Ya Ƙaiƙayi

Wata huɗu ke nan matar mai guga tana kallon wani tabo a gadon bayan mijinta, kuma duk duniya ita kaɗai ke ganinsa. Kullum da safe in ya fito daga wanka, ita ke shafa masa mai inda hannunsa ba ya kaiwa. Tabon bai fi bakin kofin shayi faɗi ba. Ya ɗan fi sauran fatar haske, ba gashi a kansa, ko gumi ba ya yi.

"Baban 'Yan Biyu, abin nan fa kamar ƙaruwa yake yi."

"Kyasfi ne," in ji shi. "Yana ƙaiƙayi? A'a. Yana ciwo? A'a. To ina ruwana da shi? Ke dai ba kya rasa abin tayar wa mutum da hankali."

Wata safiya yana cikin ba ta labarin wani direba da ya kawo wando mai aljihu bakwai, sai ta mintsine shi a tsakiyar tabon, da wasa. Bai motsa ba. Ta ƙara, har farcenta ya shata. Mai guga na ta zuba labarinsa. Da ta mintsini gefe kuwa sai ya yi tsalle.

"Wayyo! Ke, lafiya?"

"Sauro na kashe," ta ce.

Ta taɓa ji a rediyo cewa tabon da ba ya jin taɓawa yana iya zama kuturta. Kalmar ta zo har bakinta, ta haɗiye. Wa zai ƙara ba shi rigarsa ya goge? Wa zai bar 'ya'yansa su zauna kusa da 'yan biyunta a aji? Sai ta ja bakinta ta tsuke.

Tun daga ranar ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta share ɗaki, ta manta, ta sake sharewa. Ta zuba wa miya gishiri sau biyu. Ta je kemis ta kwaso man kyasfi, ya ƙare. Ta koma ta kawo na makero, shi ma ya ƙare, tabo na nan daram, har ya yi ƙani a kafaɗa. Rannan ta ɗaura niyya, ta kai har ƙofar asibiti don ta yi tambaya. Tana hango wata maƙwabciya a layi ta juya da sauri, wai dubiya ta zo an sallami mai jikin.

A shago kuwa hannunsa ma ya daina jin zafi, abin ya zama na alfahari. Garwashi zai faɗo daga dutsen guga, mai guga ya sa yatsu ya ɗauke ya mayar, ko tsaki babu. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya laƙaba masa Hannun Ƙarfe. Ana shewa, shi yana washe baki, ita kuwa in ta ji sai ta kau da kai.

Haka aka ci shekara biyu. Cokali ya fara suɓuce masa. Maɓallin riga ya zama aiki.

Wata rana da ta kai masa abinci, tun daga bakin ƙofa ta ji ƙauri. Ta dubi kayan da ke kan tebur, ba abin da ya ƙone. Mijinta ne ya jingina gefen hannunsa na dama a jikin dutsen guga, yana musun ƙwallo da tela, fatar tana toyewa bai sani ba.

Kwanon ya faɗi. "Hannunka! Innalillahi, hannunka!"

A asibiti likita ta ɗaure ƙunar, ta sa ya rufe ido, ta riƙa taɓa shi da auduga. A gadon baya bai ji ba. A yatsu bai ji ba.

"Kuturta ce," ta ce. "Kada ku firgita, tana warkewa sarai, kuma da ya fara shan magani ba zai shafa wa kowa ba. Tun yaushe tabon yake?"

"Ni ban taɓa ganinsa ba, likita. A bayana yake."

Shi da likita suka juyo suka dubi matar.

"Shekara biyu da 'yan watanni," ta ce. "Na san ba ya jin wurin. Sunan cutar na ji tsoro."

Likita ta numfasa. "Da tun lokacin kuka zo, da ƙwayoyi ne kawai na 'yan watanni. Yanzu ta ci jijiyar hannu. Cutar za ta tafi, amma ƙarfin yatsun nan da wuya ya dawo."

Mai guga bai yi mata faɗa ba, kuma wallahi da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya shanye maganinsa tas, ya warke. Yatsu biyu dai sun lanƙwashe, sauran ba sa damƙar komai.

Mutanen da ta yi zaton za su gudu, ba su gudu ba. Tela ya zo gaisuwa ya ci abinci kwano ɗaya da shi. Masu kaya suka ci gaba da sallama da ƙunshinsu a hannu. Ita ce ke fita ta tare su a ƙofa ta ce, "Ku yi haƙuri, ba ya iya ɗaga dutsen."

Jama'a, ba sai fata ta yi ƙaiƙayi ko ciwo ba ne take ɗauke da cuta. Duk tabon da ya ƙi tafiya, musamman wanda ba ya jin taɓawa, a kai shi asibiti tun yana tabo. Tsoron sunan cuta ba ya hana ta cin jiki, lokacin magani kawai yake cinyewa.