Daɓen Kashin Ƙarfe

"Inna, wata gubar za ki shimfiɗa mana?" in ji ɗanta, ya dafe buhun simintin da za a daɓe ɗaki da shi. Ya ji labarin cewa da kashin ƙarfe aka haɗa shi, dattin nan da masana'anta ke zubarwa.

Ba ta ga laifinsa ba. Ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe masa 'ya'ya biyu a Abare, har aka kankare ƙasar gidan. Tun lokacin ba mai yarda ya sauke autarsa ƙasa, daga wannan bayan sai wancan.

"Mi kake tsoro? Ni ɗiyar maƙera ce. Da kashin ƙarfe aka daɓe ɗakin innata, bisansa na yi rarrafe. Kuma na sa masu awon dalma sun ɗora na'urarsu kan buhun, ba su ga komai ba."

Ya janye hannunsa.

Ran da daɓen ya bushe, ta kwance goyo ta dire jikar, tana jiran ganin rarrafe. Yarinyar ta ji sanyin siminti a tafin ƙafa, ta hango ubanta bakin ƙofa, sai ta tako.