Mai Shan Ruwan Lagireto

Bayan la'asar ne, ana yayyafi. Na ajiye tsohuwar Fijon maigidana, Alhaji Balarabe, a ƙofar gidanmu a Malali, na shiga zaure ina leƙenta. Zama ya gagare ni.

Kullum da safe sai in tarar ruwan lagireto ya sauka. Garba makanike ya duba robar ruwan, ya kwanta ƙarƙashin motar, bai ga ko ɗigo ba.

"Ko aljani ke shanyewa, ko kai ke dafa injin," in ji shi.

Alhaji kuwa bai yi dariya ba. "Nura, in ya sake sauka gobe, ajiye mini makulli."

Ina nan ina kai-komo sai ga Baba Tanko, tsohon maƙwabcinmu da ke zaune shi kaɗai, da kwano a hannu. Ya taɓa gaban motar da bayan hannu, ya ji zafin ya yi daidai. Ya durƙusa da ƙyar, ya murɗa ɗan famfon ƙasan lagireto, ya tara, ya rufe tsaf. Sannan ya koma dakalinsa ya tsoma kumburarrun ƙafafunsa, ya lumshe ido. Itacensa ya jiƙe tun farkon damina, ba abin dafa ruwa.

Da ya shige, na cika lagireton.

Washegari na dafa ruwa, na ajiye masa buta kusa da taya. Ya ɗauka, ya tsoma yatsa, ya yi tsaki.

"Bai kai na motar ba."