Garken Baba

Da hannunsa jami'in tsare-tsare ya zana layin da ya mayar da makiyayar garin gandun itatuwa, don jikoki su sami inuwa. Aka kewaye ta da waya. Mahaifinsa ya sayar da shanunsa.

Da rani jami'in ya je duba dashen, ya tarar da tsohon a ciki, riƙe da bokiti.

"Baba, ai akwai ma'aikatan ban ruwa."

"Ma'aikatanka ba su san mai jin ƙishirwa ba." Tsohon ya durƙusa, ya shafa wani ɗan tsiro. "Sha, Gurguwa. Ke kullum a baya kike."

Gurguwa, saniyar da jami'in ya sha nononta yana yaro, ita aka fara kaiwa kasuwa.