Karen Barakatu

Abdulghani ya naɗe karen a cikin tsohon buhun shinkafa, ya kwantar da shi a bayan motar kamfanin da yake tuƙawa. Mahaifiyarsa Barakatu ta ƙi zama a gaba. Ta lallaɓa ta hau baya, ta ɗora kan dabbar a cinyarta, igiyar wuyansa ɗaure a hannunta kamar kullum.

Duk Balad, tsohuwar unguwar Jidda, an san su: tsohuwa mai gyaɗa a kasuwar Bab Makka, fuska a rufe ruf, da baƙin kare a gabanta yana ratsa lunguna. Sunansa Duna. Na mijinta ne, Na'ibi, mai sauke kaya daga jiragen ruwa. Ranar da kwale-kwalensu ya kife, karen kaɗai ya dawo gida, jikinsa yana ɗigar ruwan gishiri, ya kwanta a kan tabarmar maigidan.

Sannu a hankali magana ta fara yawo. Maƙwabta suka ce suna jin ta tana hira da shi a cikin ɗaki, kuma ta daina kunna fitila. Wasu suka ce abin da ya fito daga tekun nan ba kare ba ne. Yara suka daina bi ta ƙofar gidan. Liman ya aiko mata da nasiha, sai ta yi wa Duna shimfiɗa a zaure, amma ba ta rabu da shi ba.

Abin yana cin Abdulghani a rai. Ya gyara mata ɗaki a sabon gidansa, matarsa Zaituna ta ce a kawo tsohuwa amma ban da kare. Barakatu ta ce to ita ma tana nan.

Yanzu cikin Duna ya kumbura, ya daina cin abinci. Tun da ya kwanta ba ta je kasuwa ba, ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Tulunta ya bushe kafin ɗan ya samu labari.

Likita Hamad, wanda suka kai wa karen, ɗan Sudan ne. Da safe yana duba tumakin da ake saukewa daga jirgi, da la'asar yana ganin karnukan Turawa a wani ɗaki bayan kasuwar dabbobi. Ya danna cikin karen a wurare da dama, Duna ya yi nishi.

“Ƙari ne, Hajiya,” in ji shi. “Sai an yi masa tiyata, maganin kuma daga Alƙahira ake kawo shi. Albashin ɗanki na watanni ba zai biya ba, kuma ko an yi ban ba ki tabbas ba. Akwai wata allura mai araha. Barci zai yi, ba zai farka ba.”

Barakatu ta kwance bakin mayafinta, ta fito da 'yan kunnen zinariya, ta miƙa hannu. Sai da likitan ya ɗan karkata sannan ya karɓa.

“A yi masa aikin,” ta ce.

“Ya Inna, halas, ya isa haka,” in ji Abdulghani. “Ya tsufa. Wahala yake sha.”

“Na ji ka. A yi masa aikin.”

Abdulghani ya san 'yan kunnen. Su ne kaɗai abin da ya rage mata daga hannun mahaifinsa. Ya dubi karen yana kakkarwa a kan tebur, ƙasusuwa duk a waje. Ya ga cewa bakinta ba zai taɓa iya furta ɗaya maganar ba, don haka shi zai ɗauke mata nauyin.

Bai so ya yi a ɓoye ba. Ya matso ya tsaya daidai gabanta, ya dubi likita, ya girgiza kai, sannan ya kwantar da kuncinsa a tafin hannu, ya rufe ido. Ya maimaita, a hankali, don ta samu damar hanawa.

Ba ta motsa ba.

Likitan ma ya tsaya yana kallon ta, da ƙaramar kwalba a hannu, a ɗage. Ya jira.

“Ka yi a hankali, likita,” ta ce. “Yana tsoron allura.”

Abdulghani ya sauke ajiyar zuciya. Allura ta shiga. Kakkarwar ta lafa, numfashin ya yi nisa, ya ƙara nisa, ɗakin ya yi tsit sai kukan tumaki daga waje. Barakatu ta ci gaba da shafa kunnen karen, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Can ta ɗago kai. “Ya samu barci, alhamdu lillahi. Yaushe za a fara aikin?”

Likitan ya dubi Abdulghani.

“Inna,” in ji Abdulghani, “ai a gabanki na yi. Kina kallo.”

Hannunta ya sauka a kan haƙarƙarin karen, ya tsaya a can, ya daɗe. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe, ta juya za ta fita, ta taka kai tsaye ta bugi kabad ɗin magunguna, kwalabe suka yi ƙara. Ta ja da baya, ta tsaya a tsakiyar ɗakin, hannuwa biyu a miƙe suna laluben iska, ga ƙofa a buɗe a gefenta.

Abdulghani ya matso, ya ɗaga ƙyallen da ya rufe fuskar da ya daɗe bai gani ba. Idanun biyu fari fat suke da yana. Shekaru ke nan Barakatu ba ta ganin komai, kuma duk faɗin Jidda Duna kaɗai ya sani.