Babbar Fanka a Kan Ƙarfe Mai Sanyi

Sagiru ya je gaida kawunsa Malam Tanimu, tsohon mai gyaran rediyo da ya koma gyaran kwamfuta, amma Sagiru ya kasa zama wuri ɗaya. Ya zauna, ya miƙe, ya duba waya, ya mayar da ita aljihu. Kasuwanci ya riƙe shi a Kano, matarsa Zulai tana Gusau, rabonsa da gida tun ƙaramar Sallah.

"Kawu, na aika mata firji, na aika janareta. Da kullum sai ta kira, yaushe za ka zo, yaushe za ka zo. Yanzu ta daina. Sai 'to', sai 'Allah ya taimaka'. Ai an samu lafiya ke nan, ko?"

"In an samu lafiya, me ya hana ka zama? Ƙaya ce a kujerar?" Malam Tanimu ya ajiye sukudirebar da ke hannunsa. "Zauna in ba ka wani misali."

Ya ce: An yi wani mai haɗa bidiyon biki, yana da tsohuwar kwamfuta guda ɗaya, da ita yake ci, da ita yake sha. Bazara ta shigo, ga aikin wata amarya a hannunsa, ya yi mata alkawarin za ta kalli bikinta tare da mahaifiyarta kafin mijinta ya tafi da ita Agadas. To, da ya ɗora wa kwamfutar aiki sai ta ɗauki zafi, ta yi ta ƙara tsit-tsit, ta mutu. Ya kunna, ta mutu. Ya fita ƙofa, ya dawo, ya yi mata fifita da kwali, ya sake kunnawa. Ka san a cikin kowace kwamfuta akwai ɗan abin nan mai faɗin akwatin ashana da muke kira furosesa, shi ne ke yin duk aikin, shi ne kuma ke ɗaukar zafi. A kansa ake ɗora wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, ya tsotse zafin, fanka kuma ta kore shi daga ƙarfen. Mutumin nan ya dubi fankarsa 'yar ƙarama, tana ta kuka kamar sauro, ya ce ita ce matsalar. Ya je kasuwa ya samo babba, mai faɗin tafin hannu. A nan bai yi kuskure ba, domin babbar fanka tana juyawa a hankali, ta ba da iska mai yawa, ba hayaniya. Sai dai don ya ɗaura ta, sai da ya ciro ƙarfen gaba ɗaya. Tsakanin ƙarfen da furosesa akwai wani irin man shafawa mai launin toka da ake sawa don su manne sosai. Ya tarar da man ya bushe, ya farfashe kamar ƙasan tafki a rani. Ya ce ba shi da lokacin wannan. Ya mayar da ƙarfen haka nan, gefen fankar ya tare ɗaya daga cikin maɗauran ƙarfen, ya bar shi a sake. Ratar da ta rage tsakanin ƙarfen da furosesa ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba.

Ya kunna. Fanka ta ɗauka, iska har tana ɗaga takardun da ke kan tebur. Ya sa yatsa ya taɓa ƙarfen, ya ji shi da sanyi kamar randa. Da kuwa, ko taɓa shi ba ya iya yi. Murna ta kama shi, ya kira maƙwabcinsa tela ya ce, "Zo ka taɓa ka ji aikin maza!" Amma kwamfutar ba ta bar ƙarar nan tata ba. Ya ce, "Ke kuma me kike so? Ga iska na ba ki har ta yi yawa." Ya shiga saitinta ya kashe gargaɗin, ya hana ta kashe kanta. Shago ya yi tsit. Ya ɗora mata bidiyon amarya, ya tafi cin abinci da kwanciyar hankali. Bai san cewa ƙarfen ya yi sanyi ne don zafin ba ya isowa gare shi ba. Zafin yana can ƙasa, a inda yake tun farko, ba mai karɓarsa. Da ya dawo, ƙauri ne ya tarbe shi tun daga bakin ƙofa. Allon ya yi baƙi, furosesa ta ƙone, babbar fanka kuwa tana nan tana juyawa abinta, tana hura ƙarfen da ba abin da ke damunsa. Amarya ta tafi Agadas ba ta kalli bikinta da mahaifiyarta ba.

Malam Tanimu ya ɗauki sukudirebarsa. Sagiru, wanda tun zuwansa bai natsu ba, ya zauna yana kallon wayar da ke hannunsa.

"Firjinka ba laifi ba ne, ɗana, janareta ma haka. Amma zafi ba ya fita sai an taɓa juna. Lokacin da take kiranka tana ƙorafi, zafinta yana isowa gare ka. Yanzu ka taɓa ka ji sanyi, har kana kiran mutane su zo su taya ka murna."

Sagiru ya miƙe yana laluben takalminsa. "Kawu, har yanzu ana samun motar Gusau?"

"In ka bar tambaya ka kama hanya, za ka samu. Kuma kada ka tsaya sayen komai. Irin aikinka da na mai bidiyon nan Hausawa suka gani suka ce, an bar jaki ana dukan taiki."