Sunan Ɗan Fari a Rediyo

Tun da aka daina kiran jirage da lamba, aka koma kiransu da cikakken sunan matuƙi, Hajiya Rakiya take addu'ar kada jirgin ɗanta ya zo a lokacin aikinta. Ran Talata da hantsi sai ga shi.

Shekararta ashirin tana saukar da jirage daga hasumiyar filin jirgin sama, amma bakinta bai taɓa kama sunan ɗanta na fari ba, balle na ubansa.

"Hasumiya, mai ya yi ƙasa, ina neman izinin sauka," in ji muryarsa.

Ta waiga wajen abokin aikinta. "Malam Iro, don Allah karɓe ni."

"Hajiya, muryarki kaɗai na'urar da ke buɗe titi ta sani a layin nan."

Ta yi ƙasa da murya. "Yaron nan, sauka a titi na biyu."

Fitilun titin suka tsaya a ja. Matuƙa bakwai suna kan layi suna sauraro.

Ta runtse ido. "Ukasha Mamuda, an ba ka izinin sauka."

Na'urar ta ce, "Bakinki bai saba da wannan suna ba. Maimaita."

Sai da ta faɗa sau uku, gumi na bin wuyanta, kafin fitilun su koma kore.

"Ukasha Mamuda ya ji," ya amsa yadda doka ta tanada. Can kuma a hankali ya ce, "Umma, ashe haka yake a bakinki."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ga shi ƙasar tana can hawa goma ƙarƙashinta.