Kwalbar Koren Mitri

Da hantsi Mitri ya kama ta, ranar wata Talata, tsaye a ɗakin aikinsa da kwalbar koren fenti a hannu, tana ɗiga wani abu a ciki tana motsawa da tsinke. Nuhad ce, matarsa da suka shekara talatin da ɗaya da aure, wadda aikinta a ɗakin nan bai wuce wanke buroshi da goge ƙura ba. Saura kwana tara gasar jiragen ado ta Beirut.

Duk garin Zahle na ƙasar Lebanon an san Mitri da ƙera ƙananan jiragen yaƙi na ado, amma ba kowane jirgi yake taɓawa ba. Nasa na Jamus ne, na yaƙin duniya na farko, masu fuffuke sama da ƙasa, waɗanda ake shafa wa kore da jan ƙasa don kada a hango su daga sama. Sauran 'yan ƙungiyarsu ta masu ƙera jiragen ado daga littafi suke kwaikwayon launi. Shi kuwa yana da guntun ƙyalle, bai fi tafin hannu ba, wanda kakansa ya yanko daga fuffuken wani jirgin Albatros da Jamusawa suka bari a filin jirgin saman Rayak. Da shi yake gwada fentinsa. Kofi goma sha ɗaya ya ci, har ana ce masa Idon Zahle, kuma wallahi sunan nan ya fi masa abinci daɗi.

Ga shi da baki. In aka roƙe shi sirrin haɗi yakan bayar, ɗigo kaza na wannan, ɗigo kaza na wancan, in na mutum ya fito wani iri sai ya kwashe da dariya ya ce hannu ne babu. Yakan ce masu zana kore nan, ja can, kowanne yana ihu, ba su san me ake nufi da ɓad-da-kama ba. Na gaskiya, in ji shi, da ƙyar ido ke raba launi biyun.

Wanda ya fi shan baƙar maganarsa shi ne Tufik, ƙanen Nuhad, da ya shekara goma yana zuwa na biyu. Shi ya sa da Mitri ya ga kwalbar a hannunta bai tsaya dogon tunani ba. Ai jini ya fi aure, 'yar'uwa ce ke share wa ɗan'uwanta hanya.

Ta ce fentin ne ya yi kauri. Ya ce ƙarya take. Ya faɗa mata abin da ba a faɗa wa mace mai furfura, har da cewa macen da iliminta ya ƙare a tukunya ba ta da hurumi a kan launi. Nuhad ta rufe kwalbar a hankali ta ajiye.

"Abu Raja," ta kira shi da alkunyarsa, "ka tabbata in cire hannuna?"

"Ki cire har ƙafarki."

Kafin azahar ta ninke kayanta ta koma gidan Tufik, abin da ya ƙara tabbatar masa da zarginsa.

Ya zubar da duk kwalaben, ya sake haɗi da kansa a bakin taga, rana na haska ƙyallen kakansa, yana ɗiga yana gwadawa har ya ga babu bambanci. Kwana shida yana shafa fuffuken Albatros ɗin. Gidan ya yi shiru, ba ƙamshin kofi da safe, gurasa da zaitun yake ci a tsaye. Ya ji kewarta, ya ji sosai, amma in ya dubi jirgin sai zuciyarsa ta sake yin tauri. Bai taɓa yin wanda ya kai wannan kyau ba, kuma shi kaɗai ya yi.

A Beirut ya ɗora jirgin a tebur, ya jera ƙyallen a gefensa kamar yadda ya saba, ya harɗe hannu yana jiran cincirindo. Mutane suka zo kuwa. Sai dai ba wanda ya daɗe. Tsofaffin abokansa na Zahle suka gaishe shi ido a ƙasa, wani baƙo daga Tarabulus ya toshe baki ya juya da sauri. Alƙalai uku suka tsaya, suka dubi jirgin, suka dubi ƙyallen, suka dubi juna, suka wuce ba su rubuta komai ba.

Da aka kira Tufik na ɗaya, Mitri bai ji nasa sunan ko a na goma ba. Ya bi surukin nasa har bakin ƙofa ya cafki rigarsa, ya ce an haɗa baki da alƙalai, shi da 'yar'uwarsa sun gama da shi.

Tufik bai ƙwace rigar ba. Ko murnar kofin babu a fuskarsa.

"Suruki, jirginka ja ne. Daga wannan baki zuwa wancan, kamar an tsoma shi a miyar tumatir."

Mitri ya waiwaya. Daga inda yake tsaye yana hango fuffuken, kore da jan ƙasa kwance lafiya, daidai da ƙyallen. Ya ce Tufik ya haukace.

"Ta ce in gaya maka ba za ta dawo ba, kuma ta sauke mana rantsuwar da ta ɗora mana, ni da duk 'yan ƙungiya," in ji Tufik, a hankali. "Tun shekarar aurenku take gyara maka kowace kwalba kafin ka tashi daga karin kumallo. Kofunan nan goma sha ɗaya idon Nuhad ne ya ci su, Abu Raja, kai tun da aka haife ka ba ka taɓa bambanta kore da ja ba."